Kore a Cikin Duhu

Ƙarfe biyun dare a Kumasi,
ruwa na dukan kwanon ɗakin bincike.
Ni da Ofosuwa mun kashe fitilu da gangan.
Aikinmu ba ya son haske
sai wanda ya haifa da kansa.

A ƙarƙashin madubin ƙara girma
ɗan kifi ne kwance, bai fi ƙwayar shinkafa ba,
jikinsa garau kamar ruwan randa,
ana hango ƙwaƙwalwarsa ba sai an tsaga ba.
Shekara uku muna ƙera masa ɗan tsegumi,
ƙanƙane, dubunsa ba sa cika bakin allura,
mu tsugunar da shi a mashigar jijiya,
inda wannan ke miƙa wa waccan saƙo.
Sharaɗi ɗaya muka ba shi:
in ɗan aike ya gifta, kama rigarsa, ka yi kore.

Ɗan aiken, dofamin sunansa a littafi.
A gidanmu na Aboabo ba shi da suna,
rashinsa kawai muka sani.

Babana, Malam Sakibu mai agogo,
shekara talatin a bakin Kejetia,
tebur ɗaya, gilashi maƙale a ido ɗaya,
yana tsintar ƙusar da ba ta kai gero ba da hantsaki.
Yaran mota na ihu, kasuwa na tafasa,
hannunsa ko gezau.
Yau kofin koko ya fi ƙarfinsa,
rabi a baki, rabi a gaban riga.
Sai ya yi dariya, wai rigar ma yunwa take ji.

Likita ya ce 'yan aike ne suka ragu,
ƙwaƙwalwa na rubutu, wasiƙa ba ta isa hannu.
Na ce, nawa suka saura? Ta ina suke bi?
Ya ɗaga kafaɗa.
Wa ya taɓa ƙirga su suna tafe?

Na farkon da muka ƙera maroƙi ne,
duk wanda ya wuce sai ya yi masa kirari.
Na arba'in da bakwai kurma.
Wani sai kasuwa ta watse yake haskawa.
Wanda muka fi sa wa rai,
wuta ta ɗauke kwana biyu, firji ya narke, ya mutu a kwalba.
Ofosuwa ta zagi masu lantarki da harshen Asante,
na taya ta da Hausa.
Kuɗin aikin saura na wata biyar.

Yanzu ta ɗiga wa kifin abinci, ɗigo ɗaya.
Shiru.
Ina jin ruwa, ina jin cikina.
Can a hagu, ƙasan allo,
wani kore ya buɗe ido ya rufe.
Wani ya amsa masa. Sai wani,
kamar Aboabo in an dawo da wuta,
gida bayan gida, har bakin kwata.

Ina da shekara bakwai
Baba ya dunƙule tafukana a kan wani tsohon agogo,
ya ce, leƙa.
Hannayen agogon na ci a cikin duhun hannuna,
wannan koren, shi ɗin dai.
Ya ce rana ya sha, bashi yake biya.

Wannan ba magani ba ne, ba zan yi masa ƙarya ba.
Fitila ce kurum muka rataya a hanyar da ba a taɓa gani ba.
Da asuba zan hau mota a Ayigya,
in zauna gefen tabarmarsa,
ni zan riƙe wayar, don hoton ya tsaya wuri ɗaya.
Zai laluba aljihu ya nemo gilashinsa,
ya daɗe yana kallo.
Na san abin da zai tambaya:
Fusaina, wannan naku,
gudu yake yi ko latti?